Yaya Sale da Loma ta 088

Zama ƙanin Yaya Sale wahala ce, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Shekara arba'in da shida ina bayansa, ban taɓa samun abu cikakke daga hannunsa ba. Goro in zai ba ka, sai ya tsaga shi huɗu, ya miƙo maka ɗaya, sauran sai ka cinye ka dawo. Ko labari zai ba ka, yana kaiwa tsakiya zai tsaya, ya ce ka haɗiye wannan tukuna. Ku da kuka zauna a bencinsa nan bakin boda kun san maganarsa: ba a haɗiye tuwo da malmalarsa, loma-loma ake ci. Daga nan sunan ya bi shi, Sale Loma. To ga shi ya tafi ya bar ni da babbar yayarmu, Yaya Hajo, can ƙetare a Nijar, wadda ba ta sa komai a baki sai an tura mata muryar uwarmu a waya. Zan zo kan wannan. Ni ma loma-loma zan ba ku, abin a jini yake.

Don wanda bai san sana'arsa ba, rumfa gare shi ta kwano, da tsohuwar kwamfuta ɗaya da ya ɗaure murfinta da roba. Direbobi da 'yan dako yake tura wa fim da wa'azi da waƙa a waya. Ni ɗan dako ne, buhu nake ɗauka, aji uku na yi a firamare na gudu. Matsalar wurin nan kuwa kun san ta. Sabis ɗin Najeriya da na Nijar, wanda su can suke kira rezo, kullum kokawa suke a samanmu. Ka tura abu mai tsawo, ya kusa ƙarewa, sabis ya ɗauke, a koma farko. Yaya Sale ya ce shi ba zai tsaya roƙon iska ba, yanka zai yi. Kowane fim, kowane wa'azi, sai ya gutsuttsura shi minti uku-uku. In loma ɗaya ta maƙale, ita kaɗai za a sake turawa, kuma kana kallon ta farko ta biyu tana kan hanya. Kowace loma iri biyu yake yi mata. Akwai mai kitse, wadda hotonta ke fita tar. Akwai ramammiya, wadda fuskokin mutane ke zama kamar an shafa masu kunu, amma tana wucewa ko sabis sanda ɗaya ce. Kallo ɗaya zai yi wa wayarka ya ce kai ramammiya ce rabonka, kuma ko za ka yi kuka ba zai ba ka mai kitse ba.

Akwai ranar da Muntari, direban kamiyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi, ya diro daga mota yana huci. Fim ne ya karɓa mai loma goma sha biyu, ya tafi gida suka zauna kallo da iyalinsa.

Ya ce, "Sale, mi ka ba ni haka? An haifi yaro, ban ƙifta ido ba ya yi aure, ya mutu, aka rufe shi. Muka yi kuka ni da maiɗakina har muka gaji. Sai ga shi ya fito da gajeren wando da jakar makaranta za shi lakkwal."

Yaya Sale bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To kai Muntari, ba ka yi imani da tashin ƙiyama ba ne?"

Benci ya kwashe da dariya, Muntari ya tafi yana zagi. Amma ni na san abin ya ci Yaya. Kwana uku ya yi yana ta latse-latse. Ashe waya ba ta ƙirga irin ta mutane. In ta ga ɗaya, sai ta jawo goma da sha ɗaya da sha biyu su bi ta, tunda duk da ɗaya suka fara, sannan ta waiwayi biyu. Maganin abin sifili ne a gaba: 01, 02, 03. Tun daga ranar babu lomar da ta fita rumfar nan ba sifili a goshinta. Cewa yake sifili liman ne, shi kansa ba ya ƙara yawan jama'a, amma in bai tsaya gaba ba sahu ba ya miƙewa. Har ya koma ga Allah bai yarda kuskurensa ne ba. Wai wayar Muntari ce ba ta je makaranta ba.

Yanzu nawa laifin. Sau ɗaya ya taɓa bar mani rumfa, ranar da ya tafi gaisuwar mutuwa Bugaje. Ya nuna mani inda ake latsawa a yanka, ya ce ga wa'azin wani malami kan ciniki, 'yan kasuwar hatsi na jira. Ni kuwa na ce minti uku ai minti uku ne. Agogo na cika na datse. Ban saurara ba, na tura masu lomar farko, sabis ya ɗauke kafin ta biyu ta tafi.

Lomar farko ta ƙare da malam yana cewa, mai tauye mudu zai shiga Aljanna. Sauran maganar, ranar da raƙumi ya shiga ta kafar allura, tana cikin ta biyu.

Kafin la'asar abin ya zagaye kasuwa. Akwai wani mai awo da ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa, har rumfa ya zo yana tambaya ko malamin na da wasu wa'azozin. Da Yaya Sale ya dawo ya ji, da ƙafa ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana kunna masu loma ta biyu a kunne. Sannan ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Idi, agogo ba ya yanka magana. Inda mai magana ya ja numfashi, nan ake yankawa. Kai hannunka na mahauci ne. Koma ga buhunka."

Shekara bakwai ke nan. Ko ƙura ce a kan injin, bai bari na share ba.

Da aka rufe boda kuwa, kun ga yadda wurin nan ya koma. Motoci suka tsaya, masu shayi suka naɗe, masu rumfa suka watse, wasu Katsina, wasu gona a Daddara. Kowa ya ce wa Yaya Sale ya tashi, ya ce ba inda za shi. An rufe wa mota hanya, ba a rufe wa iska ba, kuma shi ta iska yake dakonsa. Kullum da safe zai buɗe, ya share gaban rumfa, ya zauna shi da awaki.

A lokacin ne wani mai gyaran turakun sabis, mutum mai karatu sosai, ya zauna a bencinsa shan inuwa. Ya ba shi shawara ya nemi wata sana'a, don yanzu kowa kai tsaye yake kallo a intanet. Yaya ya tambaye shi yadda su na intanet ɗin suke yi. Mutumin ya ce ai manyan kamfanoni yanka fim suke ƙanana-ƙanana, daƙiƙa kaɗan-kaɗan, su jera su da lamba, waya ta riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya. In sabis ya yi ƙarfi ta ɗauko mai kyau, in ya yi rauni ta ɗauko mai dishi-dishi, don kada kallo ya tsaya.

Yaya Sale ya juyo gare ni.

"Ka ji ko? Mai kitse da ramammiya. Wani direba ne ya kai masu labarina." Ya koma kan mutumin. "Suna sa sifili a gaba?"

Mutumin ya ce yana jin suna sawa.

"To su ci gaba, na yafe masu. Amma ka faɗa masu mai abin yana Jibiya, bai tashi ba."

A cikin rufewar nan Innarmu ta kwanta ciwon ajali. Yaya Hajo tana aure a wani ƙauye bayan Ɗan Isa, idonta ya yi rauni, ƙafa ba ta ɗaukarta, ba halin a biyo da ita ta daji a kan babur. Yaya Sale ya riƙa zama gefen Inna da waya, kwana da kwanaki, yana ɗaukar maganarta. Labarin aurenta, yunwar da suka sha, sunayen matattu, waƙar niƙa, faɗa, addu'a, duk abin da ya zo bakinta. Inna ta rasu Yaya Hajo ba ta gan ta ba. Bayan kwana biyu Mariyama, matar ɗan Yaya Hajo, ta bugo ta ce tsohuwa, wato Yaya Hajo, ta juya wa bango fuska, ko kunu ba ta karɓa.

Washegari ya tura loma ta farko, 001. Sifili biyu, don ya san za ta wuce ɗari. Kira yana shiga ƙauyen, amma rezon karɓar loma sai a kan tudun rijiya, can Mariyama ke hawa ta karɓo ta kawo mata. Ya kuma kafa doka: loma ɗaya a rana, kuma sai Mariyama ta shaida mashi tsohuwa ta sha kunu ta ci abin da aka ba ta, sannan ya tura.

Na yi faɗa da shi kan wannan. Na ce ya zuba duka a memori, a ba mai babur, baiwar Allah ta ji uwarta a wuni ɗaya. Ita kanta ta bugo, ina zaune, muryarta har waje.

"Sale, ka saki uwata. Tun kana tsumma kake da mugun hali."

Ya ce, "Yaya, kin sha kunun?"

"Na sha, ɗan banza."

"Ba Mariyama wayar in ji."

Da ya kashe wayar ya dube ni ya ce, "In ta ji duka yau, gobe don mi za ta tashi?" Ban sake yi mashi maganar memori ba. Aka buɗe boda, motoci suka dawo, bai canza ba. Kuma bai yanka ya ajiye ba, kullum da safe yake yanka ta ranar, wai ba a yin lomar gobe yau.

Ranar wata Talata ya tura 087, ya ce kansa na sara, ya kwanta a benci. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Ashe ya daɗe da sanin jininsa na hawa, matarsa kawai ya faɗa wa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, dangi suka zauna. Kawu Bala, ƙanin mahaifinmu, ya ce a rufe rumfa, a kai injin Katsina wani ya juye muryar Inna a memori, a aika wa Hajo gaba ɗaya a huta. Kowa ya ce haka ne. Makullin rumfar yana hannuna, don ni na rufe ta ranar da ya rasu. Ni kuwa Mariyama ta bugo mani da safe, ta ce tun ranar Talata tsohuwa ruwa kawai take kurɓa. Na ce ba mai taɓa injin nan, kuma ba mai aika komai gaba ɗaya.

Kawu ya ce, "Kai Idi? Kai da ka shigar da masu tauye mudu Aljanna?"

Aka yi dariya a zaman makoki. Na ce ni ɗin, Kawu, kuma ku yi haƙuri, ko za ku taru a kaina ba zan ba da makulli ba. Gaskiya ban san da me na dogara ba, don ko inda ake kunna injin na manta.

Ina fita matar Yaya Sale ta aiko a kira ni bakin zaure. Ta miƙo mani wayarsa, ta ce ya bar mani saƙo tun watan jiya, ya ce sai ta ga na ƙi ba da makulli za ta ba ni. Loma tara ce, 01 zuwa 09, da muryarsa, don ya san karatu ba ya shiga kaina. Ta farko cewa ya yi, Idi, cire robar a hankali, ba buhu ba ne. Ta huɗu ta nuna mani inda Inna take a cikin injin. Ta shida zagi ce zalla, ba darasi ko ɗaya. Ta tara gajera ce.

"Kada ka dubi agogo. Ka saurari Inna, in ta ja numfashi ka yanka. Kuma kada ka tura sai Hajo ta ci. Za ta zage ka, ka bar ta, mai zagi bai mutu ba."

A nan zaure na zauna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yafe mashi taurin kansa da zagin da na sha. Allah ya haɗa shi da Inna. Shi da bai taɓa ba kowa abu cikakke ba, ya Allah, kai ka ba shi rahamarka da malmalarta, kada ka yanka mashi.

Da gari ya waye na buɗe rumfa, na share gabanta, na cire robar a hankali. Na buga wa Mariyama na ce ta ba ni tsohuwa. Na ce, Yaya, kin sha kunu? Ta ce ashe mugun halin bai bi shi kabari ba. Na ce ina jira. Na ji ƙarar ludayi a kwano, har Mariyama ta ce ta shanye.

Na sa abin ji a kunne. Inna tana ba da labarin ranar da ta haifi Hajo, ana ruwan sama, ungozoma ta ɓata hanya. Minti uku ya cika, hannuna ya motsa, na danne shi da ɗayan. Ta ci gaba har ta kai inda aka aza mata jaririya a ƙirji. Ta ja numfashi. Na yanka.

Na rubuta 88. Na zauna ina kallonsa, na ga sahu ba liman. Na koma na sa sifilin, na zaɓi ramammiya, na tura.