Zare a Murfin Tanki

Lungunmu a Gaya ba ya cin mota. Tun da na sayi tawa, wata tsohuwa 'yar Kwatano, a filin gidan maƙwabcina take kwana. Babarbare ne, ɗan kasuwar hatsi, kakansa ya zo daga gabas ya zauna. Ni kuma mahaifiyata Bafulatana ce, saboda haka akwai wasa tsakaninmu. Duk safiya in na je ɗaukar mota sai ya ce, "Fillo, ka zo kora saniyar taka? Ai na riga na tatse ta." Ni kuma in ce masa bawa ba ya taɓa dukiyar ubangidansa. Shekara huɗu muna haka, ko goro bai taɓa karɓa ba don ajiyar.

A Ajingi nake aiki, a sashen noma. Cikon tanki ɗaya yakan yi mini zuwa da dawowa goma. Da damina ta sauka, a shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabi, sai goman ta koma takwas, sannan bakwai. Hanya ba ta ƙaru ba, ƙafata ba ta canza ba.

Gidan mai na fara zargi, na ce sun taɓa lita. Na sauya gida, bakwai ɗin dai. Na kai wa mai faci ya gwada iskar tayoyi, lafiya lau. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana a kai, ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Na sa aka sauya fulogai. Tsofaffin sun fito baƙi ƙirin, na ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu da nakan ƙara a hanya. Abu ɗaya ne ban kalla da idon zargi ba: allurar zafi. Kullum tana kwance a ƙasa, har alfahari nake cewa motata ba ta san zafi ba.

A wannan tsakanin ne uwargidan maƙwabcin nawa ta sayi injin markaɗe mai amfani da fetur. Da hantsi mata ke layi da soyayyiyar gyaɗa. Ban taɓa ganin an shiga gidan da galan ba. Gaskiya ban taɓa tsayawa na duba ba, amma a lokacin rashin ganin ya ishe ni hujja. Sai maganar tatsar saniya ta fara yi mini wani sauti daban a kunne.

Wata ranar Laraba na ɗaura farin zare daga murfin tanki zuwa 'yar ƙofar da ke rufe shi, yadda ba za a buɗe bai tsinke ba. Da safe na tarar ya tsinke. Har yau ban san abin da ya tsinka shi ba. An yi ruwa da iska, kuma filin ba a rufe yake ba. Amma ni na riga na yanke hukunci.

Ban iya tunkararsa kai tsaye ba, sai na bi ta ƙofar wasa. Bayan la'asar, a dakalin masallaci, mutane na zaune, na ce, "Babarbare, wai injin gidanka da man wa yake tashi? Saniyata fa ta rame."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Fillo, wasa kake ko magana kake?"

"Wasa mana."

"To."

A wasan Fulani da Barebari kana iya kiran mutum ɓarawo sau ɗari, ba komai, muddin ku biyun kun san ba haka ba ne. Ni na sa gaskiyar zuciyata a ciki, shi kuma ya ji. Washegari na sayo murfi mai makulli na ɗaura a gabansa. Ya ce, "Ina kwana, Malam," ya wuce kasuwa.

Da makulli da komai, bakwai ɗin ba ta motsa ba. Maimakon in ji kunya, sai na fara tunanin ko ta ƙasa ake kwance tiyo.

Ranar kasuwar Ajingi na kai ta wurin wani dattijon bakanike da abokin aikina ya yaba. Bai buɗe gaban mota ba tukuna. Ya sa yatsa cikin bututun salansa, ya fito da shi baƙi. Ya ce in kunna. Ina murɗa makulli fanka ta ɗauka.

"Daga ina kake?"

"Daga Gaya."

"Yanzun nan? Kuma allura na barci haka?" Ya buɗe gaban, ya dafa babban tiyon lagireto. "Ɗumi-ɗumi kamar kunun jarirai. Wa ya taɓa maka nan?"

Sai na tuna. A ƙarshen bazara motar ta taɓa tafasa ruwa, na kai ta wani gareji. Mai garejin ya nuno mini wani ɗan ƙarfe mai sifirin, ya ce sunansa tamostat, kayan ƙasar ƙanƙara ne, ba ruwanmu da shi a nan. Ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Har godiya na yi masa.

Dattijon ya girgiza kai. "Alhaji, kowa ya sayo mota daga Kwatano abin da ake fara yi masa ke nan. Wannan ƙarfen shi ke tsare ruwa har inji ya yi zafin da yake so. In babu shi, fanka kuma na ta fifita, inji ba ya taɓa ɗumama. Ita kuma ƙwaƙwalwar motar tana zaton har yanzu asuba ce, sai ta yi ta ɗura masa mai. Kai kana Ajingi, ita tana ganin ba ka fita daga gida ba."

Ya wanke lagireton, wanda toshewarsa ce ta jawo tafasar tun farko, ya sa sabon ƙarfen, ya mayar da fanka yadda take. A hanyar komawa allura ta tashi ta tsaya a tsakiya, ina ta kallonta. Cikon farko ya yi tara, na biyu goma.

Na sami maƙwabcina a zaurensa yana ɗinke bakin buhun gero. Na faɗa masa komai, har zaren. Bai daina ɗinkin ba.

Ya ce, "Alhamdu lillahi da aka gano. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ja basilla ya ɗaure. "Sai dai filin nan, Malam, uwargida na son ta ɗaure awaki a ciki. Ka nemi wani wuri kafin Juma'a."

Yanzu a bakin titi take kwana, kusa da shagon mai walda. Muna gaisawa da shi a masallaci, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Ko an kawo awakin, ko ba a kawo ba, ban sani ba. Kullum ta ƙofar filin nake wucewa, ban leƙa ba.