Taku Biyu a Gaban Layi: Ban Kwana da Maestro Fulvio Gandossi

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Nuwamba, ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji uku lissafin gudu da tazara, sai wayata ta yi motsi a aljihu. Ban saba duba waya a cikin aji ba, amma ranar na duba. Signora Ornella ce, matarka, ta rubuto cewa ka tafi. Ka cika a gidanka, a kan kujerar nan mai kallon lambu, kana da shekara saba'in da shida, bayan wata biyar kana fama da ciwon zuciya. Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa, ba mu da ta cewa sai godiya a kan tsawon lokacin da Ya bar mana kai.

Maestro, malaminmu, shekara arba'in da ɗaya ka yi kana horar da masu tseren keke a kan da'irar katako ta garinmu. Ina ɗan shekara goma sha uku na shigo hannunka, yau ga shi ni ma da furfura ina riƙe da yaran ƙungiyarmu ta keke, kuma har yanzu yadda ka karɓe mu nake karɓarsu. Ranar farko ba ka barin kowa ya taɓa keke. Sai ka sa mu cire takalma mu hau gangaren da ke kwanar da'irar da ƙafa, mu yi ta zamewa muna faɗowa, kai kuma kana ƙasa kana dariya. In mun gaji ka tara mu ka ce, to, mun ga inda za mu yi gudu, kuma kekenmu ba shi da birki, wanda yake son komawa ƙwallo ga ƙofa nan, babu wanda zai ga laifinsa. Duk ƙarshen zango kana zama bakin ɗakin kekuna ka karɓi takardar sakamakon makaranta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi lissafi, kekensa na rataye a ƙugiya har ya gyara. Ni sau biyu aka rataye nawa, kuma ina jin dalilin da ya sa na ƙare a malamin lissafi ke nan.

Kowa ya san ka da son ganin an ci Faransa. 'Yan'uwanmu na bayan duwatsu kake ce musu, ka kuma ce in mun zo na tara ba komai, muddin sun zo na goma. Amma duk lokacin da suka sauka a zaurenmu na tsere, kai ne kake fara leƙa rumfarsu ka tambaya ko akwai abin da suka manta a gida, kuma sau da yawa famfonka na iska da akwatin kayan aikinka a wajensu suke yini. Tarcisio mahauci, shugaban magoya bayanmu mai babbar ganga, ya sha cewa wannan ba kirki ba ne, leƙen asiri ne. Kai kuwa sai ka ce masa ba ka son ranar da za mu ci su su ce tayarsu ce ba ta da iska.

Abin da nake son rubutawa a kansa shi ne tsayuwarka a bakin layin tashi, domin a nan ne na fi saninka. A tseren kora, mutum biyu suna tashi ne daga ɓangarori biyu na da'irar, kowa yana bin bayan ɗan'uwansa har zagaye goma sha shida. Mai gudu ba ya ganin abokin karawarsa, kansa a sunkuye yake, kuma in zaure ya cika ba ya jin muryar kowa. Abu ɗaya yake iya kallo duk zagaye, wato inda mai horar da shi yake tsaye. In ka tsaya a kan layi, yana daidai da lokacin da kuka tsara. In ka yi gaba, ya yi sauri. In ka koma baya, ya makara. Matasan masu horarwa yanzu allon hannu suke ɗagawa, kai kuwa ka ce mai gudun kilomita sittin a awa ba shi da lokacin karatu, amma zai gane tsoho ya matsa.

Bara, da manyan ƙasashe suka haɗu a zaurenmu, Nives Tognali ce ta kai mana wasan ƙarshe. Yarinyar tun tana shekara goma sha biyu take hannunka. Ƙarfi tana da shi, matsalarta ihun jama'a. Da zarar ta ji zaure ya ɗauka sai ta zuba duk abin da ke ƙafarta tun farko, kuma sau biyu a manyan gasanni aka sauko da ita daga keke a hannu, ba ta ƙarasa ba. Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa sun riga sun faɗa mata, ba da fushi ba, cewa in hakan ta sake faruwa za a ba wata gurbinta. Tana da shekara ashirin da huɗu, ba ta san wata sana'a ba. Wadda za ta kara da ita kuwa Bafaranshiya ce, Solène Kervadec, wadda aka sani da tashi kamar an harbo ta.

Tun azahar babu wurin zama. Namu sun cika ɓangare uku da tutoci da ƙahoni, Faransawa mota biyu suka yo, suka tare kusurwa ɗaya, a gabansu wani ƙaton dattijo da hula mai siffar zakara. Tarcisio ya ɗaga masa sandar ganga ya ce, “Kai mai zakara, ka taho da tukunya ko mu ara maka? Yau miya za mu yi da shi.” Dattijon ya mayar masa da cewa mu fara koyon yin cuku tukuna, sannan a zo a yi maganar keke. Haka aka yi ta yi har aka ɗora kekuna a kan layi, zaure ya yi tsit don a ji ƙirgen tashi.

Ina gefenka riƙe da agogo. Tsarin da kuka yi da Nives shi ne ta bi lokacinta, ta manta akwai wata a kan katakon. A zagaye na shida babban allon sama ya nuna Solène ta ba ta ratar kusan daƙiƙa biyu. Zaure ya rikice, mutum dubu uku suna ihun ta ƙara wuta. Ni kuwa agogona ya nuna mini abin da allon bai nuna ba: Nives ta riga ta fi ƙarfin tsarinta, ihun ya fara janta. Sai ka yi taku biyu gaban layi, ka tsaya, hannunka a bayanka.

Waɗanda suka san ma'anar wannan takun su suka fara zaginka, sauran suka ɗauka. Namu ne fa, ba baƙi ba. Wani ya tambaye ka ko ka baro tabaranka a gida ne, allo yana can sama. Tarcisio ya daina kiɗa, ya leƙo ta kan shinge, jijiyar wuyansa a miƙe, yana tambaya ko kakarka Bafaranshiya ce. Ni ma ban tsira ba, kuma ba zan ɓoye ba. Na matso kusa da kai na ce, “Maestro, taku ɗaya kawai. Koma baya taku ɗaya, za ta taso.”

Ko kallona ba ka yi ba. Ka ce, “Ermanno, riƙe agogonka, ka bar mini ƙafata.”

Nives ta zo wucewa, na ga ta ɗan ɗago kai. Gefe ɗaya ga ƙasarta gaba ɗaya tana ce mata ta yi sauri, gefe ɗaya ga tsoho guda yana ce mata ta sassauta. Ta sassauta. A zagaye na takwas ka dawo kan layi, ka kafe a wurin kamar an dasa ka. Daga na goma sha ɗaya ratar ta fara narkewa. Daƙiƙa ɗaya da rabi, daƙiƙa ɗaya, rabi. Waɗanda suke zaginka ɗazu suka koma dukan allunan shinge da tafin hannu har katakon da ke ƙarƙashinmu yana rawa, Faransawa ma suka miƙe suna busa. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, babu wanda zai iya ce maka ga wadda ke gaba.

Solène ce ta ci, da kashi takwas cikin ɗari na daƙiƙa. Nives ta sauko daga kekenta da ƙafafunta, ta yi lokacin da ya fi duk wanda ta taɓa yi da daƙiƙa uku, ta karɓi azurfa, kuma gurbinta ya zauna. Bafaranshiyar ta tsallako ta rungume ta, ta ce da an ƙara zagaye ɗaya da Nives ta gama da ita. Mai hular zakara ya kawo wa Tarcisio ƙaton cuku na jaje. Tarcisio ya karɓi cukun, amma kai wata uku bai gaishe ka ba. Signora Ornella ta ce yana yanka mata nama mafi kyau kamar kullum, sai dai ba ya cewa a gaida mai gida. A shagon kofi na dandali har gobe ana gardama, wasu na cewa da ka koma baya taku ɗayan nan da zinariya ta kwana a garinmu. Ban sani ba ko gaskiyarsu ne. Kai ma ka ce ba ka sani ba.

Bayan mako guda ka kira ni shan kofi da hantsi a kusa da tashar jirgin ƙasa, don ka lura ina ɗan kauce maka. Ka tambaye ni ko ina tuna ranar da na kara da wani Bafaranshe ina shekara ashirin. Yaya zan manta? Ranar ce ƙafafuna suka mutu a zagaye na goma sha uku, ya zagayo ya kamo ni a gaban mahaifina, kuma daga ita na ajiye tsere. Shekara talatin ina ɗauka cewa ni ne ban isa ba. Ka juya cokali a cikin kofinka ya fi sau goma kafin ka yi magana.

“Ranar nan daidai kake da lokacinka, Ermanno. Ni na koma baya taku biyu. Mutane suna ihu, ni ma ina son in ga mun ci su. Ba ƙafarka ce ta gaza ba, tawa ce.”

Na tashi na bar maka kofin ban sha ba. Kwana biyu ban zo zaure ba, a na uku na dawo, na tarar ka ajiye mini agogona a kan kujerar da na saba zama. Ba mu sake tayar da maganar ba sai a watan jiya, da na zo duba ka. Ka ce in ka tafi in faɗa wa mutane, musamman matasan da suke fara tsayawa a bakin layi, don su san cewa ihun gida ya fi na baƙi haɗari. Ga shi na faɗa. Kuma abin da na faɗa maka a gefen gadonka ina maimaita shi a bainar jama'a: na yafe, tun tuni. Mutum ɗaya ka yi wa wannan kuskuren, ɗaruruwa kuma suka ci amfanin nadamarka.

Ranar Juma'a da aka kai ka coci, yaran ƙungiya sun jera kekunansu tun daga ƙofar gidanka har dandali. Tarcisio ne a gaban akwatinka, yana kuka ba ya sharewa. Mota guda ta taso tun daga bayan duwatsu, dattijon nan yana ciki, ya tsaya a layin baya riƙe da hular zakaransa a ƙirji. Solène ta aiko da furanni.

Bayan an watse Nives ta same ni a bakin maƙabarta. A watan Fabrairu za ta sake haɗuwa da Solène, wannan karon a Faransa, a gaban mutanenta. Ta ce ni take so in tsaya mata a layi. Na tuna mata cewa ni ne na ce a yi mata ƙarya, domin ta riga ta ji labarin. Ta ce ta sani, shi ya sa ma, wanda aka taɓa yi wa ya san ɗacinta. “Can da Faransanci za su yi ihun, ko kalma ɗaya ba zan gane ba. Kai dai ka tsaya inda ya kamata.”

Ranar Litinin muka fara. Takuna ya fi naka tsawo, sai da muka ɓata awa guda kafin idonta ya saba da shi. Tarcisio ya riga ya cika mota biyu, ya ce a faɗa wa mai zakara ya tanadi tukunyar da kansa.

Allah Ya jiƙanka, Maestro. Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, Ya ba ka hutun da ba ya ƙarewa, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Signora Ornella, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana bar wa yaran mutane mijinta ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanku Dario da Graziella, da jikokinku biyar, da duk wanda ya taɓa ɗago kai a tsakiyar gudu ya nemi inda kake tsaye. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Amin.

Ermanno Zubani, malamin lissafi, mai horar da yaran ƙungiyar keke