Mato Magini Ya Rasa Mai Jefa Tubali

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Mato, maginin Lausu ta ƙasar Rano.

Ka san ginin ƙasa sai mutum biyu, ɗaya a kan katanga, ɗaya a ƙasa yana jefa masa tubali. Tun suna samari amininsa Ramalan ke jefawa, Mato na cafewa.

Shekarar samun mulkin kai Ramalan ya tafi cin rani Kano, ya dawo ba shi da zance sai na benaye.

"Mato, can da siminti ake gini, hawa kan hawa! Kai kana nan kana kwaɓa laka kamar zanzaro."

"Ai zanzaro a gidansa yake kwana," in ji Mato.

Da rani ya zagayo Ramalan ya koma, bai sake dawowa ba. Sauran majiya ƙarfi ma suka bi motocin gyaɗa.

Mato bai bar gini ba. Sai ya sauko ya ɗauki tubali, ya hau tsani ya ɗora, ya sake saukowa. Wani lokaci yakan manta, ya miƙa hannu yana jira.

To, ran da gwiwoyinsa suka ƙi tsani, wa zai tayar da katangun Lausu in damina ta zubar?