Kawu Illa Mai Zagayen Safe

Duk wanda ya zauna a Akokan ya san muryar Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata. Da an sallame asuba sai ya ɗauki sandarsa ya bi gidajen tsofaffin da suka yi aikin ramin uranium tare, ya daki kowace ƙofa ya ce, "Mai gida, har yau ba ka mutu ba?" In an yi tari daga ciki sai ya wuce. Matan unguwa sun sha zaginsa, shi kuwa ya ce ai gara ya tambaya da a ji wari.

Amininsa Agali, Ba'abzine daga wajen Dannet, ya taɓa yin shiru da gangan don ya gwada shi. Kawu ya buga, ya sake bugawa, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka. Da Agali ya leƙo yana dariya, Kawu ya share ido ya ce shi butar shayinsa da ya ba shi aro yake wa kuka. Bayan damina Agali ya rasu da gaske, Kawu ne ya wanke shi.

Kun san maƙonsa. Ƙofar ɗakinsa da gadonsa duk da ƙarafan da kamfanin uranium ya zubar ya haɗa su. Wata shekara wasu suka zo da na'urar awo, aka kanga ta a ƙofar, ta dinga tsuwa. Suka ce ƙarfen na da guba, a fitar da shi. Kawu ya ce ƙofar ta fi shi lafiya, ba inda za ta. Sai da ya ji cewa jikarsa Nana a gindinta take kwana lokacin zafi, ya ɓalle ta da hannunsa. Ya rataya buhu a wurin har ƙarshen ransa, wai ƙofar kasuwa ta yi tsada.

Da tarin ya kama shi, ni na ɗauke shi a kabu-kabuna zuwa asibiti. Lokotoro ya duba hoton ƙirjin ya ce sigari ne. Mutumin da ko goro ba ya ci. A hanyar gida ya sa na tsaya wurin mai tebur, ya sayi karan sigari ɗaya ya saƙale a kunne. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaron ya yi karatu mai yawa, kada a ce ya yi ƙarya."

Da aka rufe ramin, gari ya watse. Ƴaƴansa suka zo daga Damagaram za su tafi da shi, ya ƙi. Ya ce matarsa na nan a kwance a maƙabarta, abokansa ma, kuma ƙasar da ta cinye masa huhu ita za ta ƙarasa sauran. Ranar da jikin ya yi nauyi ya jawo hannuna, numfashi na yanke masa, ya ce, "Ɗan nan, ka gaya wa masu haƙa kabari kada su zurfafa. Na shiga ƙasa ya ishe ni."

Da ya cika, na gaya musu. Suka yi dariya, sannan suka kama haƙa.

Allah ya yalwata maka makwanci, Kawu, ya ba ka iska mai sanyi ka shaƙa ba wahala, kai da duk waɗanda ramin nan ya ci. Amin.