Kalilu Maƙeri da Baƙon da Ya Yi Ta Kora

Maƙwabcina Kalilu maƙeri ne a Turba, amma in ka tambaye ni, sana'arsa ta gaskiya dara ce, ƙira kuwa abin cika lokaci. Tun ina saurayi abokin wasansa guda ne, Labbo, wani Bafillace mai shanu. Labbo na da wata muguwar ɗabi'a: kullum daga gurbin kusurwa yake farawa, inda ko mahaukaci ba ya sa ɗa. Kuma ya ci Kalilu.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero na bunni bai kai ga yin ƙwaya ba, tabki ya tsage, Labbo ya ce zai kora shanunsa kudu. Kafin ya tafi, Jibrilla mai cajin waya ya sa musu wani wasa mai kama da dara a wayoyinsu. Ya ce in ka tura ɗa, sai ya je wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, ta miƙa wa abokinka. Kyauta ne, sai dai a sha tallar takalma.

Kalilu ya ce, “Daga nan zuwa wajen Labbo sai an bi ta wata ƙasa?”

Na ce, “Kai ma in za ka garin Isa ai sai ka biya gidan surukai.”

Babu mai kawo gyaran kalmen noma, ƙasa ta bushe. Sai Kalilu ya koma kan tudun bayan maƙera, inda sabis ke kamawa. In sunan Labbo ya yi kore a wayar, su buga. Kalilu ya rantse ba zai yi wasa da kowa ba sai shi.

Ana nan sai sunan ya daina yin kore. Lambarsa ma ba ta shiga. Ba mu san ko shanun sun kai ba, ko shi kansa. Kalilu ya bar ƙorafin tallar takalma, abincin da Kande matarsa ke aiko masa ma ni ke taimaka masa da shi.

Sai wani baƙo ya fara aiko masa gayyatar wasa, sunansa tarkacen baƙaƙe da lambobi. Kullum bayan la'asar. Kullum Kalilu ya danna ja.

Na ce, “Malam, karɓi mana, ƙila budurwa ce.”

“Ka fita idona. Na yi alkawari.”

Wata ranar kasuwar Bafarawa ya ba ni wayar in riƙe zai yi alwala. Gayyatar ta shigo. Ni kuwa yatsana ba ya jin magana, na danna kore. Ya taso da ruwa a gemu zai ƙwace, sai ya tsaya cak. Baƙon ya sa ɗansa a gurbin kusurwa.

Jibrilla ya taɓa nuna mana wurin magana, na danna. Murya ta fito, da kukan shanu a bayanta:

“Maƙerin banza! Wayata ta faɗa rijiya, na ari ta ɗan'uwana, sunanka na wasa kaɗai na riƙe. Ina ta sallama kana korata!”

Kalilu ya zauna a ƙasa, ya share ido da hannun riga, wai hayaƙin maƙera ne. Maƙerar da ba a hura ba tun bara.

“Shanu fa?”

“Saura na nan. Tura ɗa, agogo na cinka.”

Labbo ya cinye shi tas. Ranar ko loma ban samu a kwanon Kande ba.