Ranar da Seu Dori Ya Raba Jirgi Biyu

Duk wanda ya saba bin jirgin ruwa daga Santarém zuwa Belém ya san Seu Dorivaldo (a wajenmu Seu kamar Malam ne, Dona kuma na mata), domin shi ke nuna wa fasinja inda zai rataye ragarsa ta kwanciya. Tafiyar kwanaki ce, ba gado ba kujera, kowa da ragarsa kafaɗa da kafaɗa. Ni garin rogo nake kaiwa Belém tun ina budurwa, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya jera mutane kamar Seu Dori ba. Kallo ɗaya zai yi maka ya san kana munshari. Mai munshari a kai shi kusa da inji, mai goyo kusa da banɗaki, saurayi mai rawar kai kuwa a sa shi tsakanin tsofaffi biyu.

Seu Dori ɗan bakin kogi ne na wajen Santarém, da dako ya fara a jirgin. A nan ya ga Dona Zuleide mai dafa wa fasinjoji abinci, 'yar Belém, doguwa, ba ta da yawan magana. Shi kuwa gajere ne, bakinsa ba ya mutuwa. Suka yi aure, suka tsufa a kan ruwa, 'ya'yansu suka kama gabansu.

Sai aka zo da maganar ƙuri'ar raba jihar Pará, mu na yamma, wato ɓangaren Santarém, a ba mu tamu mai suna Tapajós. Mu dai mun gaji. Takarda ɗaya za ka sa wa hannu, sai ka yi kwanaki a ruwa kafin ka isa Belém, hedikwatar jihar. Seu Dori ya ɗauki abin da zafi kamar shi za a naɗa gwamna. Ya ɗinka riga mai taswirar sabuwar jihar, ya riƙa yi wa fasinjoji wa'azi tun kafin su ajiye kaya.

Dona Zuleide ta bar shi ya sha zuba, sannan wata rana ta ajiye ludayi a gabanmu ta ce, "Dori, a Pará aka haife ni, a Pará za a binne ni. Ranar da kuka raba ta, na sauka a Belém ke nan. Sai ka sa sabuwar jihar ta dafa maka."

Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ta yaƙe ce. Ya san matarsa ba ta magana biyu.

A tafiyar ƙarshe kafin zaɓe, gardama ta yi tsami har wani mai kifi ya jefi wani malamin makaranta da takalmi. Seu Dori ya ce shi ya san maganin abin. Ya samo alli ya ja layi daga goshin jirgi zuwa gindinsa.

"'Yan A Raba ku yi dama, 'yan A Bari ku yi hagu. Tunda raba jiha muke so, bari mu fara gwadawa a nan!"

Aka yi ta shewa ana kwance igiyoyi. Abin da gwanin namu ya manta shi ne daga Santarém jirgin ya taso. Kusan kowa ya yi dama, har ni. Hagu ba kowa sai malamin makarantar, da wata tsohuwa da ba ta ji abin da aka ce ba, da ragar Dona Zuleide.

Jirgi ya fara karkata. Takalma suka bi gangare, kwandon lemo ya kife, tukunyar miyar kifi ta kama hanya sai da Dona Zuleide ta tare ta da ƙugu. Kyaftin ya leƙo daga sama yana ihu.

"Dorivaldo! Uban me ka yi wa jirgina?"

"Siyasa ce, Kyaftin."

"Siyasar za ta iya iyo? Rabin mutane su koma hagu yanzun nan!"

Ba wanda ya motsa. Wa zai yarda a je gida a ce an gan shi kwance cikin 'yan A Bari? Seu Dori ya sa aka kwashe buhunan garina aka jibge a hagu, yana cewa ai gari ba shi da ƙuri'a. Na ce, "Seu Dori, garina ɗan Tapajós ne, kada ka ɓata masa suna." Bai saurare ni ba. Aka ƙara da kejin kaji da wani babur, jirgi ya ɗan ɗago amma bai daidaita ba.

Ya tsaya a kan layin yana zufa. Ya dubi dama, ya dubi matarsa da ke riƙe da tukunya. Sai ya kwance ragarsa ya tsallaka, da rigar taswirarsa a jiki, ya rataye kusa da tata.

"Seu Dori ya sayar da mu!" in ji mai kifi.

"Ban sayar ba, aro na bayar. Kai ma da wannan tumbin naka taso, kai kaɗai ka isa ƙaramar hukuma."

Dariya ta ɓarke, mai kifi ya tsallaka, wasu suka bi shi, jirgi ya zauna daidai.

Da muka isa Belém, Dona Zuleide ta sauka da jakarta, don a can sunanta yake a rajistar zaɓe. Shi kuma dole ya koma Santarém ya kaɗa tasa. Ya ce, "To, sai yaushe?" Ta ce, "Tambayi akwatin zaɓe." Tafiyar komawa ba ta yi daɗi ba. Wani ma'aikacin inji ne ya yi girki, shinkafa ta yi kamar siminti. Seu Dori bai yi wa kowa wa'azi ba, har ya sa mai munshari kusa da mai goyo. Na ji tausayinsa ƙwarai, domin abin da bakinsa ke roƙo shi zuciyarsa ke tsoro.

Aka yi zaɓe, mutanen Belém suka fi mu yawa, aka kayar da mu. Santarém ta yi tsit kamar gidan mutuwa, mutane suka ɗaura baƙin ƙyalle a hannu. Ni kaina na yi kuka, kuma har yau ina ganin gaskiya muke da ita.

Bayan 'yan kwanaki na tarar da Seu Dori a bakin tasha, ya ɗaura baƙin ƙyallen da ya fi na kowa faɗi. Amma ya sha aski, rigarsa ta sha guga, yana ta ƙamshin turare.

"Seu Dori, makokin ne haka?"

"Dona Benedita, ki bar ni da abin da ke damuna," in ji shi, idonsa na kan ruwa.

Wani jirgi daga Belém ya iso ya tsaya. Fasinjoji suka yi ta sauka, ba ita. Har 'yan dako sun fara fitar da kaya, ya cire hularsa yana murɗawa, sai ga ta tana saukowa a hankali. Hawaye suka zubo masa. Mai kifi da ke wucewa ya dafa shi ya ce, "Yi haƙuri ɗan kishin ƙasa, wata rana za mu samu jiharmu."

Dona Zuleide ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ka rame."

"An kayar da mu, Zuleide."

"Na ji. Ɗauki jakar."

Ya ɗauka ya bi bayanta ta tsakiyar masu makoki, yana ta ƙoƙarin ɓata rai, fuskar ta ƙi ba shi haɗin kai.