Ƙusa Huɗu a Bangon Falo

Shekara talatin da huɗu Mofazzal Hossain ya yi yana buga hatimi a gidan waya na garin Bogura, kuma bai ajiye abin da za a kira dukiya ba. Abin da ya tara gidan sauro ne guda bakwai, a ninke cikin akwatin ƙarfe, sai gwangwanin ƙusoshi da guduma mai ƙotar da ta sha hannu. Duk wanda ya shiga tsohon gidan hayarsa na bayan tasha ya san bangon nan, ɗaki da baranda har ƙofar madafa, ko'ina ƙusa ce ta ɗaura igiyar gidan sauro.

Albashinsa na farko, a kuɗin ƙasarsu, taka ɗari uku ne da 'yan kai. Ranar da ya karɓa yakan miƙa wa matarsa Jobeda a cikin ambulan, ita kuwa ta kasa shi: haya, shinkafa, man girki, kananzir, sabulu sanda ɗaya na wanka da wanki. Ba a ware wa baƙi kaso, domin ba wanda ya ɗauke su wani abu dabam da mutanen gida. Da an ji sallama a ƙofa, Jobeda ta ƙara wa miyar waken da suke kira dal ruwa moɗa guda, ta sake raba kifin da ta riga ta yanka, Mofazzal kuma ya ɗauko guduma. Mai ƙara a kotu, mai neman aiki, tsohuwar da aka kawo asibiti, duk mutanen ƙauyensu na bakin kogin Jamuna sun san hanyar gidan. Riga biyu gare shi na zuwa aiki, takalminsa kuwa mai gyara ya san shi fiye da yadda ya san 'ya'yansa.

Kada wani ya ce wauta ce. Hanyar nan da baƙi ke bi su zo, ita buhunan shinkafa ke bi bayan girbi. Shekarar da ruwa ya ci ƙasa, farashi ya haukace, albashi ya ƙare tun goma ga wata, Moyez ɗan ƙanin mahaifinsa ne ya shigo da buhu biyu cikin kwale-kwale, ya ƙarasa da su a ka. Sai daga baya Mofazzal ya ji cewa ɗaya daga ciki irin shuka ne. A lokacin ɗansa Tanjil yana da shekara uku, kuma da wannan shinkafar ya rayu.

Tanjil ya girma, ya yi karatu, ya samu ofis a wani kamfanin tufafi a Dhaka. Matarsa Sharmin a banki take. Ranar da Mofazzal ya ji abin da su biyun ke ɗauka a wata, sai da ya sa aka maimaita masa. Amma abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, da wata ya kai ashirin sai ka ji su suna ƙus-ƙus a ɗaki kamar masu zaman makoki. Banki ya yanki nasa na gidan da suke ciki, ya yanki na mota. Makarantar Raisa, 'yarsu guda ɗaya tak, tana cin abin da ya ciyar da mutum goma sha ɗaya a Bogura, ga malaman darasi biyu a kai. Abubuwan da uban bai taɓa sanin ana saye ba, su suke saye: ruwan sha, iska mai sanyi, da zaman shiru ba kowa.

Da Jobeda ta rasu, suka ɗauko shi zuwa gidansu na unguwar Mirpur a Dhaka, bene hawa na shida. Aka ba shi ɗan ɗaki mai gado ɗaya, ya tura akwatinsa ƙarƙashi. Doka ɗaya Tanjil ya kafa masa, cikin ladabi kuwa.

"Abba, don Allah ban da ƙusa a bango. Fentin nan ba ƙananan kuɗi ya ci ba."

Ya ce to. Shekara biyu yana zaune, bai ga wanda ya kwana gidan ba in ban da masu shi. Falo mai faɗin da zai ɗauki tabarma shida, kujerun kushin da ake biya kaɗan-kaɗan, bango fari tas ruwan madara, ba mai zama sai agogo. Abin yana cin ransa, amma ya haɗiye, domin mai ci a gidan ɗansa ba ya yawan magana.

Sai ga wayar Moyez. Yanar ido ta rufe masa gani, likita ya ce a zo Dhaka a kankare. Zai taho ran Juma'a da matarsa Amiron mai riƙe masa hannu, kwana uku. Mofazzal ya faɗi labarin wajen karin safe, fuskarsa cike da murna kamar an ce Jobeda ta dawo.

Tanjil ya dubi matarsa, ya danna waya na ɗan lokaci, ya ɗago.

"Shi ke nan, Abba, na kama musu ɗaki a masauki kusa da asibitin. Har na biya. Akwai na'urar sanyi, akwai banɗaki a ciki."

"Masauki? Moyez ɗin?"

"Zai fi jin daɗi can. Nan ina za su kwana? Raisa tana da jarrabawa, Sharmin ba ta dawowa sai bayan isha."

"Nawa ka biya?"

Ya faɗa. Mofazzal ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kuɗin nan da uwarka ta ciyar da su wata biyu, har ta yi musu guzuri. Ashe ba rowa ce ke damunka ba, ɗan nan. Mutane kake tsoro."

Sharmin ta ajiye kofinta. Gaskiya dai, ba muguwa ba ce. Mace ce da ke fita bakwai na safe, ta yini tana ƙirga kuɗin wasu, ta dawo ƙafafunta a kumbure.

"Abba, zamanin Umma tana gida yini guda. Ni wa zan bar wa tukunya? Kuma in an buɗe ƙofa yau, gobe ƙauyen gaba ɗaya ne."

"Ai ƙauyen gaba ɗaya ne ya ciyar da mijinki, Bouma," in ji shi, da sunan da ake kiran matar ɗa. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Tanjil ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Direba zai ɗauke su daga tasha ya kai su. An gama magana, Abba."

An gama a wurinsa. Mofazzal kwana biyu bai ƙara tayar da zancen ba, har suka ɗauka ya sauko. Abin da ba su sani ba, tsoron da ke cikinsa ya fi fushin. Yana hango Moyez, makaho-makaho, zaune a bakin gadon masauki yana lalube, yana tambayar Amiron ko Yaya ya zo. Yana hango labarin ya isa ƙauye: mun je gidan Mofazzal, ɗansa ya biya kuɗi don kada mu shiga. In haka ta faru, shekara talatin da huɗun nan ta tashi a banza, kuma da wane ido zai je makabartar ƙauyen da yake so a binne shi?

Ran Juma'a ya fita masallaci tun da wuri, da fanshonsa a aljihu. Daga masallaci bai nufi gida ba, tasha ya wuce, ya riga direban da sa'a guda. La'asar sakaliya sai ga su a ƙofar hawa na shida: Moyez da sanda, Amiron da ƙunshin mazarƙwaila, rabin buhun shinkafa, da agwagwa mai rai an ɗaure mata ƙafa. Agwagwar ce ta fara yin sallama.

Tanjil ya buɗe ƙofa ya tsaya kamar an dasa shi. Tarbiyya dai ba ta bar shi ba, ya durƙusa ya gaida su.

"Baffa, sannunku da hanya. Ai an shirya muku wuri a..."

"An shirya," Mofazzal ya katse shi. "Ɗakina. Amiron, shige da shi, gadon ƙarami ne amma ku ma ba ƙiba gare ku ba."

Moyez ya lalubo kan Tanjil ya shafa. "Kai ne ɗan mitsitsin nan mai kukan shinkafa? Yanzu ji kanka, har sanƙo! Kuɗi ne suka cinye gashin?"

Suna shiga ɗaki, Tanjil ya sassauta murya. "Abba, kai kuma ina za ka kwana?"

"Ga falo. Ko shi ma na banki ne?"

"To, in falon ne, ga maganin sauro na lantarki."

"Tari yake sa ni."

Ya janyo akwatin ƙarfe zuwa tsakiyar falo, ya buɗe. Warin ajiya ya tashi. Ya zaro gidan sauro ɗaya, wanda Jobeda ta yi wa faci da zaren shuɗi, ya zaro gwangwani da guduma. Ya taka kujerar kushin da ƙafarsa, ya auna bango da ido irin na wanda ya yi abin sau ɗari.

"Abba!" in ji Tanjil. "Mun yi magana da kai!"

"Mun yi. Na ji taka shekara biyu. Yau ka ji tawa."

Bugun farko ƙusar ta lanƙwashe, domin bangon kankare ne ba irin na Bogura ba. Ya jefar, ya ɗauki wata. Bugu na uku wani ɓangaren shafe ya ɓalle, ya faɗo kan kushin, ya bar rami kamar tafin hannu. Sharmin ta fito daga madafa ta dafe ƙirji.  Gumi na zubo wa tsohon, amma bai sauko ba.

Sai muryar Moyez daga ɗaki, cike da jin daɗi.

"Amiron, kin ji ko? Me na gaya miki a mota? Na ce gidan Yaya ko a sama aka gina shi, ba a rasa ƙusa!"

Tanjil ya sunkuyar da kai. Ya shige ɗakinsa ya rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba. Sharmin ta daɗe tsaye tana kallon ramin, sannan ta koma madafa, aka ji ta buɗe famfo a kan tukunyar dal. Mofazzal ya kafa huɗunsa cif, ya ɗaura igiyoyi, ya shimfiɗa tabarma a gaban kujerun da ba a gama biya ba.

Aka yi aikin ido lafiya. Amiron ta karɓe madafa kwana ukun nan, agwagwa ta shiga tukunya, Sharmin ta dawo aiki ta tarar da abinci da zafinsa. Kuɗin masauki ya tafi, ba a mayar da ko taka ɗaya ba. Tanjil kuwa mako guda yana gaida ubansa da baki kawai, kuma wannan ya yi wa Mofazzal ciwo, ba zai ɓoye ba. Ɗansa ne tilo namiji. Amma bai ba da haƙuri ba.

Ran Asabar ta biyu sai ga mai fenti da bokiti da tsani, Tanjil na biye da shi yana nuna masa bango. Suka tarar da tsohon ya ja kujera ya zauna daidai ƙarƙashin ramin, da guduma a cinya.

Mai fenti ya yi sallama, ya zaro filaya. "Baba, ɗan matsa in cire waɗannan."

"Cike ramin, ka shafa fentinka yadda aka biya ka," in ji Mofazzal. "Amma ka kewaye ƙusoshin."

"Abba, ai baƙin sun tafi," in ji Tanjil a gajiye.

Mofazzal ya ɗago ya dube shi.

"Ido ɗaya aka yi wa Moyez. Ɗayan sai bayan Salla."